Baki Kamar Kafar Allura: Tarihin Ƙyanƙyasar Kifin Teku a Cikin Ɗaki

Duk wanda ya taɓa kiwon tarwaɗa ya san ajiye kifi daban, ƙyanƙyasarsa daban. Ajiyewa ruwa ne da abinci da sa ido. Ƙyanƙyasa kuwa sai ka san abin da jinjirin kifi zai fara sawa a baki ranar da guzurin da ya fito da shi daga ƙwai ya ƙare. Game da kifin ruwan daɗi, wannan sani ya daɗe a hannun mutane. Amma kifayen teku masu launi, mazauna duwatsun murjani, sai da aka shafe fiye da shekara ɗari ana kallonsu ta bayan gilashi kafin a iya raya 'ya'yansu. Kuɗi akwai, gilashi akwai. Abin da ya tsare hanya baki ne, ɗan mitsitsin baki da ba a ganinsa sosai sai da madubin likita.

Tafkunan attajiran Rum

A ƙarni na ƙarshe kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam, attajiran Rum suka shiga gasar gina tafkunan kifi a bakin tekun Italiya, musamman kewayen Naples. Kufan tafkunan na nan har yau, don haka wannan ba jita-jita ba ce. Cicero ma ya yi wa masu su shaguɓe a wasiƙunsa, cewa kifayensu sun fi damunsu da halin da ƙasa ke ciki. Pliny ya rubuta cewa Lucullus ya sa an huda dutse don ruwan teku ya shigo tafkinsa. Sauran labaran sai a ɗauke su a matsayin an ce. An ce lauya Hortensius ya yi kuka da hawaye ranar da wani kifinsa mai siffar maciji ya mutu. An ce gimbiya Antonia ta sa wa nata 'yan kunne. An ce Vedius Pollio bayin da suka yi masa laifi yake jefa musu. Marubutan Rum da dama sun maimaita wannan na ƙarshe, sai dai marubutan nan na da kwaɗayin labarin da zai tona lalacewar masu kuɗi, gara a riƙe shi sako-sako.

Abin lura shi ne tafkunan a haɗe suke da teku ta magudanai masu raga. Teku ke sauya ruwa, teku ke kawo kifi. Ba su raba kifi da gidansa ba, shinge suka yi wa wani gefe na gidan.

Waɗanda suka fara shigo da kifi ɗaki su ne mutanen Sin. A zamanin daular Song, daga 960 zuwa 1279, aka mai da kifin zinariya na gida, a zamanin Ming kuma aka riƙa ajiye shi cikin kwanukan tangaran. Amma shi kifin tafki ne mai taurin rai, ya koya wa duniya cewa kifi na iya zama abin ado, bai koya mata komai a kan ruwan gishiri ba.

Daga 1828 zuwa 1890: mata biyu da wata Kaka

A 1828 wani masani ɗan Sikotilan, Sir John Dalyell, ya ɗauko wata halitta daga duwatsun bakin teku a North Berwick, irin wadda ake kira furen teku. Dabba ce, amma a ido fure, manne da dutse tana kaɗa 'yan yatsu masu harbi. Ya sa ta a kwalba yana sauya mata ruwa. Ta ga bayansa a 1851, ta ga bayan wasu da suka gaji rainonta, ba ta mutu ba sai 1887 a Edinburgh, bayan ta haifi 'ya'ya ɗaruruwa. Kaka suke ce mata da harshensu.

A 1832 a Messina ta tsibirin Sisili, Jeanne Villepreux-Power, Bafaranshiya da ta fara rayuwa da sana'ar ɗinki, ta ƙera akwatunan gilashi don ta warware wata gardama: wata dabbar teku mai hannu takwas da ake samu cikin siririn kwanso, ita ke yin kwanson ko tsinta take yi? Ta raine su, ta ga da idonta su ke yin abinsu. A 1846 kuma Anna Thynne ta kawo murjani mai rai daga Torquay zuwa gidanta a Landan. Da ta ga jigilar ruwan teku na da wuya, sai ta sa 'yar aikinta ta riƙa sheƙa ruwan daga wannan mazubi zuwa wancan a bakin taga kullum, kamar mai fifita kunu, don ya sha iska. Murjanin ya rayu shekaru, har ya yaɗu. Sunan 'yar aikin bai shiga bakin mutane ba, ko da yake ita ce famfon iska na farko a wannan tarihi.

A 1850 masanin sinadarai Robert Warington ya bayyana abin da ya gani a tankinsa: tsiro na ba kifi iska, kifi na ba tsiro taki, katantanwa na share ƙazanta, ruwa ya zauna ba sai an sauya ba. A 1853 aka buɗe ɗakin kallon kifi a gidan namun dajin Landan, a 1854 kuma Philip Henry Gosse ya fitar da littafinsa The Aquarium, wanda ya yaɗa wannan suna. Zamani ya dace da shi. An soke harajin gilashi a Ingila a 1845, jirgin ƙasa ya kusanto da bakin teku, sai kowane gida mai rufin asiri ya so nasa tankin. Aka yi ta kwasar halittu daga duwatsun gaɓa, har ɗan Gosse ɗin, Edmund, ya koka a 1907 cewa an ƙwaƙule wuraren tas.

Cikin 'yan shekaru yayi ya wuce, domin tankunan wari suke yi, halittun su mutu. Ruwa ba ya tsami banza, amma a lokacin ba a san dalili ba. Kifi na fitar da amoniya, guba ce gare shi, kuma wasu ƙwayoyin bakteriya ne ke sauya ta mataki biyu zuwa abu mai sauƙin illa. Sai a 1877 Schloesing da Müntz suka nuna cewa wannan sauyi aikin halittu masu rai ne, Winogradsky kuma ya gano ƙwayoyin wajen 1890. Ga kuma halin kifin kansa. Kifin kududdufi ya saba da wahala: ruwa ya yi zafi ya yi sanyi, ya cika ya janye, tarwaɗa ma har iska take leƙowa ta shaƙa. Kifin murjani ɗan gata ne. Gishirin ruwansa kimanin giram 35 ne a kowace lita, yau da gobe, zafinsa ba ya nisa da inda yake. Ɗan sauyi kaɗan ya ishe shi ajali.

William Alford Lloyd, wanda ya fara da sayar da kayan tanki a Landan, shi ya gane cewa dole ruwa ya yi ta zagayawa ta cikin manyan rumbuna masu duhu. Da wannan dabara ya gina gidan kifi na Crystal Palace a 1871. Ta yi aiki, amma da injin tururi. Kifin teku ya koma hannun manyan gidajen kallo, ya bar falon mutane kusan shekara ɗari.

Daga 1865 zuwa 1965: abin da neman abinci ya koyar

Ilimin da zai buɗe ƙofar bai fito daga masu ado ba, daga masu neman na tuwo ya fito. Gwamnatin Nowe ta tura Georg Ossian Sars tsibiran Lofoten ya binciki kifin kod, wato kifin nan da ake busarwa ya yi tauri kamar itace a kawo shi kasuwannin Najeriya, wanda Ibo ke kira okporoko. A 1865 ya tabbatar da cewa ƙwansa ba a ƙasa yake kwanciya ba, yawo yake yi a saman ruwa. Haka mafi yawan kifayen teku suke. Uwa ta watsa dubban ƙwai ƙanana ta yi gaba. Abin da zai fito daga ƙwan bai yi kama da kifi ba: ɗan zare ne garai-garai, tsawon milimita biyu ko uku, wani ma ba ido ba baki, sai ƙullin gwaiduwa a ciki. Kwana biyu ko uku guzurin ya ƙare, baki ya buɗe. In bai sami abin da ya yi daidai da bakin ba, mai rai, mai motsi, a gaban hancinsa, shi ke nan.

A 1882 G. M. Dannevig ya kafa wurin ƙyanƙyasa a Flødevigen, Amurka ma ta kafa irinsa a Woods Hole. Suna ƙyanƙyashe miliyoyi, amma da yake ba su da abin ba su, sai su juye su teku tun guzurinsu bai ƙare ba, da fatan Allah ya raya. An yi shekaru ana haka ba tare da wata hujja cewa kamun masunta ya ƙaru ba. A 1914 Johan Hjort ya kawo bayanin da har yau ake komawa gare shi, cewa yawan kifin da za a samu a shekara na iya rataya ga waɗannan 'yan kwanaki na cin farko.

Abinci na farko da aka samu shi ne atemiya, wani ɗan jatan lande na tafkunan gishiri. Ƙwansa busasshe ne kamar garin ƙasa, yana shekaru a gwangwani, ka zuba shi a ruwan gishiri ya ƙyanƙyashe cikin kwana guda. Alvin Seale na San Francisco ya ba da labarin amfaninsa a 1933, Gunnar Rollefsen na Nowe kuma ya raya 'ya'yan kifin teku da shi a ƙarshen shekarun 1930. Masu ƙyanƙyasar tarwaɗa a ƙasarmu sun san gwangwanin nan, sun kuma san tsadarsa. Sai dai jinjirin atemiya ya kusa rabin milimita. Ga ɗan tarwaɗa loma ce. Ga yawancin 'ya'yan kifin murjani, kamar ka miƙa wa jariri ƙafar sa ne.

Mataki na gaba daga annoba ya fito. A tafkunan kiwon kifi mai siffar maciji a Japan akwai wata ƙaramar halitta, rotifa, da kan yi yawa ta cinye gansakukar ruwa, iska ta ƙare, kifi ya mutu. Manoma sun tsane ta. Wajen 1960 Takashi Ito ya nuna cewa za a iya saba mata da ruwan teku, a kuma noma ta da yawa. Ta fi jinjirin atemiya ƙanƙanta sosai, tafiyarta a hankali, mata ne ke haifar mata ba sai da namiji ba, don haka bokiti guda kan cika da miliyoyi cikin kwanaki. A tsakiyar shekarun 1960 aka fara raya 'ya'yan jan kifin da Japanawa ke kira madai da ita. Daga baya, a ƙarshen shekarun 1970, masu binciken Japan suka gano wani sirrin: rotifar da aka ciyar da yis ɗin burodi kaɗai fanko ce, jinjiri ya ci ya ƙoshi ya mutu, domin babu wani irin mai da ƙwaƙwalwarsa da idonsa ke bukata. Dole a ciyar da abincin kafin a ciyar da kifin.

Shekarun 1960: teku ta dawo falo

Abubuwa huɗu suka haɗu. Gam ɗin silikon ya ba da damar haɗa tanki da gilashi zalla, babu ƙarfen da gishiri zai ci ya sa wa ruwa guba. Gishirin haɗi, irin su Instant Ocean da aka fara yi a jihar Ohio, ya sa mutumin da bai taɓa ganin teku ba zai iya dama tasa a bokiti. Matatar ƙarƙashin tsakuwa ta ba bakteriyar nan masauki. Jirgin sama da jakar leda mai iskar oksijin suka sa kifin da aka kama a Manila ya kwana biyu ya wayi gari a Chicago.

Kasuwa ta buɗe, ta zo da nata sharrin. Tun farkon shekarun 1960 masu nutso a Filifin suka fara fesa gubar sayanaid cikin ramukan murjani. Kifi ya sume a tsince shi, murjanin ya mutu, wanda aka tsinta ma sau da yawa ya ƙarasa mutuwa a tankin mai saye bayan 'yan makonni, mai saye ya ɗauka laifinsa ne ya koma ya sayi wani. Al'adar ta tsallaka Indunusiya. Ƙasashen biyu sun haramta ta, amma haramci a takarda ba ya nutso. A ganina ba a kyauta ba in aka ɗora laifin duka a kan mai nutso, wanda ladansa a kan kifi guda bai taka kara ya karya ba in aka gwada da kuɗin da ake sayar da shi a Turai.

1972: Martin Moe

Kafin wannan shekara an samu nasarori jefi-jefi a gidajen kallon kifi na Turai. Amma wanda ya mai da abin sana'a shi ne Martin Moe, masanin kifi a jihar Fulorida, wanda ya yi aikin ƙyanƙyasar kifin ci kafin ya juya ga na ado. A 1972, a gidansa, ya raya 'ya'yan kifin nan ruwan lemo mai farin ɗamara uku da ke zaune cikin furen teku, wanda yara a yau suka sani da Nemo. Ya kafa kamfanin Aqualife Research. Frank Hoff ya biyo baya da Instant Ocean Hatcheries a Fulorida ɗin dai. A 1982 Moe ya fitar da littafin da ya sa sirrin a hannun kowa.

Me ya sa wannan kifi ya riga saura? Halittarsa ce ta sauƙaƙa. Dukkansu a maza suke tasowa, wanda ya fi girma da ƙarfi ya rikiɗe ya zama mace, don haka in ka haɗa ƙanana biyu ka yi haƙuri, aure ya ɗauru da kansa. Ba sa watsa ƙwai. Macen kan jera ɗaruruwa a jikin dutse, ko tayil, ko fasasshiyar tukunyar fure, namijin ya tsaya yana yi musu fifita yana tsince matattu. Kwana bakwai ko takwas idanun cikin ƙwan su yi ƙyalli kamar azurfa, mai kiwo ya san daren nan ne. Bayan an kashe fitila ake ƙyanƙyasa. Sai ya tsai da famfo, ya haska 'yar tocila a kusurwa, 'ya'yan su taru a haske, ya kwashe su da kwano, domin raga kashe su take yi. Tankin renon an rufe gefunansa da baƙi, an rina ruwan kore-kore da gansakuka mai rai, an zuba rotifa. Jinjirin ya fito da ido da baki, kuma bakin ya isa rotifa. Bayan 'yan kwanaki a koma atemiya. Kafin mako biyu farar ɗamara ta fara bayyana, ya sauka ƙasa, ya zama kifi.

Wanda ya shiga wannan harka yakan tarar ba kifi yake kiwo ba. Kwalaben gansakuka ne jere a gaban fitila, bokitan rotifa da ba sa yarda a yi musu fashin kwana guda, kwalbar atemiya tana ta ɓulɓula. Kifin shi ne na ƙarshe a layi. Mai karatu a Kano ko Damagaram zai ce ina wutar da za a yi wannan, kuma tambayar na kan hanya, domin famfon iska ya tsaya dare guda aikin wata uku ya tafi.

Shekarun 1990

A 1997 Moe ya sake fitar da littafi, wannan karon kundin abin da ya rubuta kullum yayin da yake fama da wani ɗan kifi ruwan shunayya a ƙaramin ɗaki a gidansa. Kifin, wanda masana ke kira Pseudochromis fridmani, asalinsa Bahar Maliya ne kaɗai, tekun da alhazanmu ke gani a Jidda, mutanenmu na Sudan kuma a Port Sudan. Namijin ne ke gadin dunƙulen ƙwai a cikin rami. Darajar littafin ita ce bai ɓoye asara ba, mutuwa bayan mutuwa duk ya rubuta. Shekara guda kafin nan, a 1996, aka kafa kamfanin ORA a Fort Pierce, wanda ya zama babban mai ƙyanƙyasar kifin ado na teku.

Sai labarin kifin Banggai, mai zanen baƙi da fari da ɗigo-ɗigo. Walter Kaudern ya samo shi a 1920, aka yi masa suna a 1933, aka manta da shi, sai da Gerald Allen ya je tsibiran Banggai na gabashin Sulawesi a 1994 ya bayyana shi ga duniya. Shi ba shi da matsalar baki ko kaɗan. Namiji ke ɗauke ƙwai a bakinsa kusan wata guda ba ci, sannan ya saki 'ya'ya 'yan gommai, cikakkun kifaye da ke cin atemiya nan take, su ruga su ɓuya cikin ƙayar bushiyar teku. Masu kiwo a gida suka ƙyanƙyashe shi ba da jimawa ba. Amma abin da ya sauƙaƙa shi a tanki shi ya raunana shi a teku: 'ya'yansa kaɗan ne, kuma ba sa tafiya da igiyar ruwa su cika wasu wurare. Na kamu ya fi na ƙyanƙyasa araha, aka yi ta kwasa. A 2007 ƙungiyar IUCN ta sa shi cikin masu fuskantar ƙarewa, shekara goma sha uku kacal bayan tafiyar Allen.

A 2003 wani rahoto na hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙiyasta cewa ana cinikin kifin ado na teku miliyan 20 zuwa 24 a shekara, iri 1,471, kusan dukkansu kamun teku. A shekarar ce kuma fim ɗin Finding Nemo ya fito. An yi ta faɗa a jaridu cewa fim ɗin ya sa yara sun tasa iyaye gaba har an kusa ƙarar da kifin a teku. Wannan ma an ce ne, irin na zamani. Masu binciken da suka bi alƙaluman shigo da kifi daga baya ba su sami hujja mai ƙarfi a kai ba.

Daga 2001 zuwa 2016: bakin da ya fi kowanne ƙanƙanta

Duk nasarorin nan na masu gadin ƙwai ne. Masu watsa ƙwai, waɗanda su ne mafi yawa kuma mafi kyau, galibinsu sun ƙi. A tanki suna yin ƙwai, ƙwan na ƙyanƙyashewa, kwana na uku ko na huɗu ka leƙa ka ga wayam. Rotifa ta yi wa wasunsu girma. Wasu kuma ko kallonta ba sa yi.

Abin da suke ci a teku shi ne jinjirin kofifod, wata ƙwaya dangin jatan lande da ta cika tekunan duniya. Jinjirinta na farko bai kai kashi ɗaya cikin goma na milimita ba, yana ɗauke da man nan da ake bukata tun daga halitta, kuma tsalle-tsalle yake yi, irin motsin da ke tsokano ɗan kifi ya kai cafka. Matsalar ita ce noma ta. Tana son gansakuka mai rai ta musamman, ba ta jure cunkoso kamar rotifa, sai namiji da mace sun haɗu, kuma jinjirin na girma ya wuce bakin kifin cikin ɗan lokaci, dole kullum a tace sababbi.

A Hawai aka fasa wannan ƙwarya. A ƙarshen 2001 Frank Baensch, a ɗan wurin gwajin da ya haɗa da kansa, ya raya ɗaya daga ƙananan kifayen da Turawa ke kira mala'iku. A 2002 cibiyar Oceanic Institute ta raya jan nan mai kama da harshen wuta, Karen Brittain ta gidan kifin Waikiki kuma ta raya wani da ba kasafai ake ganinsa ba. Wani irin kofifod mai suna Parvocalanus ya zama abin da kowa ke nema.

Masu kiwo a gida ba su zauna jira ba. Akwai kifin mandarin, mai zane shuɗi da kore da ruwan lemo kamar atamfa, wanda dubbai suka mutu da yunwa a tankunan mutane saboda abinci mai rai yake tsinta a jikin dutse duk yini, ba ya kula gari. Da magariba namiji da mace kan haɗa jiki su taso sama a hankali, su saki ƙwai su rabu, mai kiwo kuwa dole ya riga matata kwashewa. Wolfgang Mai a Jamus ya raya 'ya'yansa wajen 2000, Matthew Wittenrich ya gyara hanyar a Amurka, a 2010 ORA ta fara sayar da na ƙyanƙyasa. Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne Matt Pedersen. Ya ɗauki wani kifi mai dogon baki da ɗigon lemo wanda a teku murjani mai rai kaɗai yake ci, kifin da littattafai suka ce kada ma a saya, ya lallaɓa shi har ya karɓi abincin gida, ya yi ƙwai, a 2009 ya raya 'ya'yansa. Karambani ne, kuma da ya faɗi da zagi zai sha.

Saura manyan biyu. Rawayan kifin Hawai da ake kira tang, wanda a lokacin ake kwasar ɗaruruwan dubbai a shekara daga gaɓar Kona, ƙwansa bai kai milimita guda ba, jinjirinsa kuma kan yi wajen wata biyu yana yawo, jikinsa garai kamar gilashi, kafin ya sauka ya yi launi. Kowane mako da irin abincinsa, da irin haskensa, da irin motsin ruwan da zai jure. Oceanic Institute ta fi shekara goma tana binne su. A watan Oktoba na 2015 ayarin Chad Callan ya kai rukuni na farko ga rawaya. A watan Yulin 2016, wata guda bayan fitowar fim ɗin Finding Dory, ɗakin binciken Jami'ar Fulorida da ke Ruskin, tare da shirin Rising Tide Conservation, ya raya shuɗin ɗan'uwansa, wato Dory ɗin kanta. Waɗannan biyu aikin cibiyoyi ne masu manyan tankuna da ma'aikata, ba na ɗakin baya ba.

Mujallar CORAL na ajiye lissafin irin kifayen ado na teku da aka taɓa raya 'ya'yansu a hannun mutum. Zuwa 2019 sun kusa 400, amma da yawa sau ɗaya aka yi, kifi biyu ko uku, waɗanda ake samu a kanti kullum kuwa ba su kai rabin haka ba. A 2017 kotun ƙolin Hawai ta dakatar da lasisin kamu da ƙaramar raga har sai an binciki illarsa ga muhalli, a watan Janairun 2021 kuma wata kotu ta tsai da kamun kifin ado na kasuwanci a jihar. Farashin rawayan tang ya yi tashin gwauron zabo. Waɗanda suka cike gurbin a kantuna su ne na ƙyanƙyasa da kamfanin Biota ke fitarwa ta hanyar da ayarin Callan ya gano: ƙanana, launinsu fari-fari, sai sun yi makonni a tankin mai saye kafin rawayar ta kama sosai.